Abin da aka tsayar kan bitar hujjojin lafiya cikin gaggawa (tattara sakamakon binciken da aka riga aka yi)

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A zauna da mai yanke shawara a tsayar da tambaya ɗaya: su wa, wane mataki, wace ɗabi'a.
2. A fara duba bitar da ke Cochrane da PubMed, rumbunan binciken lafiya na intanet.
3. Mutum biyu su tace kashi 20 cikin 100 na maƙalun binciken da aka samo tare. In sun daidaita, ɗaya ya ƙarasa, ɗayan ya sake duba waɗanda aka ajiye gefe.
4. Kada a haɗa "na daina shan taba" da gwajin yawu (mai nuna ko mutum na shan taba) a ma'auni ɗaya. Mutum kan faɗi abin da ake son ji. A ganina wannan batu ya fi nauyi.

Saɓani: tsayawa kan maƙalun Turanci kaɗai. Wasu sun ce yana rage lokaci, wasu suka ce yana iya karkatar da sakamako, tunda ɗabi'a al'ada take bi.