Mene ne "rétroaction" da Hausa? Gobe ne shirin

'Yar Zariya: Salamu alaikum. Gobe da safe ina da hira a rediyo da wani malamin jami'a kan yadda injiniyoyi ke binciken manyan na'urori masu sarƙaƙiya, irin layin wutar da ke zo mana daga Katsina. Kalma ɗaya ta Faransanci ta tsaya mini a wuya: rétroaction. Wato abin da na'ura ta fitar ya komo ya gyara tafiyarta. Ku taimaka.

Ɗan Tibiri: Martani.

Mushe: A'a ƙanena, martani wani ke mayar maka. Nan na'ura ce ke duba kanta. Dubi ƙwallon cikin tankin ruwa: ruwa ya hau, ƙwallo ya hau, ya toshe famfo. Haka injiniya James Watt ya sa wa injin tururi a 1788, ƙwallaye biyu na juyawa, gudu ya yi yawa su buɗe su rage tururi. Ni dai waiwaye nake koya wa yarana.

Na Bagalam: Amsa-kuwwa! Tun bara nake faɗi a zauren nan ba a saurare ni.

Mushe: Kuwwa in ta komo me ta gyara?

Na Bagalam: Kai makirufo bakin lasifika ranar ɗaurin aure ka sha ƙara.

Mushe: Wannan mai ƙaruwa ce, ba mai daidaitawa ba. Amma ka yi gaskiya, ita ma rétroaction ce.

Ɗan Tibiri: Wani abokina na Kano cewa ya yi "ciyar da baya".

Baba Alhaji: Subhanallahi! Ciyar da baya ai naƙasa ce. Sun kwaso "feedback" na Ingilishi sun sa masa hula. Hausa tana nan Maradi, gidan Katsinawa, ba mu zuwa ƙetare aron baki.

Ɗan Tibiri: Baba, a gafarce ni, mu da ke ce wa makaranta lakwal, malami mushe, duk aron Faransanci?

Baba Alhaji: Yaro, wannan daban.

Na Bagalam: Amsa-kuwwa dai. Ku gwada a bakinku ku ji daɗinta.

'Yar Zariya: Dare na yi. Zan ce waiwaye ga mai daidaitawa, amsa-kuwwa ga mai ƙaruwa, in kawo misalin tanki.

Mushe: Masanin lissafi Norbert Wiener tun 1948 suna ɗaya ya kira su da shi, ke kin raba su biyu. To, na gobe kawai.

Na Bagalam: An ba ni mai ƙara kenan. Allah ya kai mu.