Na juya ajin lissafi, amma rabin yara ba sa kallon bidiyon

Malamin SS2:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da lissafi a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Zariya, yara 64 a aji. Tun farkon zangon nan na juya tsarin ajin, wato ina ɗaukar bayanin darasi a bidiyo na minti 8, in tura guruf ɗin iyaye na WhatsApp, yaro ya kalla a gida. Minti 40 ɗinmu na aji kuma sai mu ƙarar da shi wajen warware tambayoyi, ina bi benci-benci. Masu kallo kam logaridim ya zauna musu. Akwai yarinyar da a da ko hannu ba ta ɗagawa, yanzu ita ke gyara wa ta kusa da ita. Amma kusan rabi ba sa kallo. Wayar ta uba ce, shi kuma sai bayan isha'i yake dawowa daga kasuwa. Su zo su zuba mini ido kawai. In ci gaba, ko in koma allo da alli?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Malam, ba bidiyo ne ya buɗe wa yarinyar nan kai ba, tsayuwarka a kanta ce lokacin da lissafin ya cije mata. A da a gida yake cije mata, inda ba mai taimako. Waɗanda suka yaɗa tsarin, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, a lokacin malaman kemistiri ne a Woodland Park, jihar Kolorado ta Amurka. A 2007 suka fara ɗaukar darasi saboda ɗaliban da ke rasa aji, marasa intanet kuma suka zuba musu a faifan DVD. Kai DVD ɗinka takarda ce: misali biyu da ka warware mataki-mataki, tambaya ɗaya a ƙasa, ka yi fotokwafi.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, a tausaya mana. Yaran nan daga boko sai Islamiyya har ƙarfe 6, ga wanke-wanke, ga rashin wuta, wayar ma a shagon caji take kwana. Ka riƙa turowa ranar Laraba, tunda nawa Alhamis da Juma'a ba su da Islamiyya. Kuma ka rage nauyin bidiyon, don mu da Xender muke karɓa daga maƙwabta.

Mai Jan Biro:
Ni ɗaga hannu ba ya burge ni. A takarda ta biyu ta WAEC tambaya 13 ake bayarwa, yaro ya amsa 10, kuma matakan aiki ake ba maki. Ka ba ajinka da ajin da ba a juya ba gwaji iri ɗaya, ka duba takardun marasa waya daban. In sun fi sauran faɗuwa, ka raba ajin gida biyu ke nan.

Malamin SS2:
Na gode ƙwarai. Ranka ya daɗe, zan gwada takardar ranar Litinin, Hajiya kuma Laraba ta zauna. Saura kuɗin fotokwafi 64 duk mako, wanda na san daga aljihuna zai fito.