Tambaya: Shin Taron da Taurari Suka Cika Goyon Bayan Talaka Ne?

Sakataren Matasa, daga ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu ganin siyasa a kan wani al'amari da ya raba kan ƙungiyarmu. Mu matasa ne manoma, mu talatin da 'yan kai, kuma shekara huɗu ke nan muna haɗa kuɗin taki da na hayar injin ban ruwa. Makon jiya wani ɗan garinmu da ke zaune a Kano ya zo da saƙo cewa masu tallata wani mai neman shugabancin ƙasa za su kawo mana ziyara, kuma a tawagar akwai mawaƙi da 'yan fim waɗanda ko yaron da bai shiga makaranta ba ya san fuskokinsu. Abin da ake so a wurinmu shi ne mu cika filin makarantar firamare da jama'a, mu sa riguna masu hoton ɗan takara, a ɗauki bidiyo a nuna wa duniya cewa talakawan karkara suna tare da shi. An yi alkawarin kuɗin mai ga duk wanda ya zo da babur, da turmin atamfa ga shugabannin mata.

Rabinmu sun ce a karɓa, domin ko ba komai mai shayi da mai ƙosai za su yi ciniki. Sauran, har da ni, muna ganin aron fuskokinmu ake son yi na yini guda. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a daminar 2022 da ruwa ya ci gonakinmu, har muka kwashi iyali muka tare a azuzuwan wannan makarantar, ba mu ga tauraro ko ɗaya ba. To, yaya ake bambanta goyon bayan da ya tsiro daga ƙasa da wanda aka yi hayarsa, kuma me ya kamata mu yi da wannan gayyata?

Tsohon Ɗan Taɓo (ɓangaren Malam Aminu Kano na jam'iyyar PRP), daga Dawakin Kudu:

Wa alaikumus salam, ɗana. Da farko kada ka ɗauka waƙa baƙuwa ce a siyasar ƙasar nan. Tun da aka kafa NEPU a Kano a 1950, baitin waƙa ne ya riƙa kai saƙon Malam Aminu Kano lungunan da jarida ba ta zuwa, kuma mutane irin su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu da Gambo Hawaja da harshensu suka yi wa tafiyar hidima. Sai dai a wancan zamani wanda ya buɗe baki ya rera irin wannan waƙa yana sane da cewa ɗan doka na iya biyo shi, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku saboda abin da take faɗa a bainar jama'a. Ba mota ake ba su ba.

Ni PRP na tarar da ƙarfina. Ma'aunin da zan ba ka shi ne ka duba inda kuɗi ya nufa. A lokacinmu daga ƙasa yake tashi ya hau sama: mu muke sayen katin jam'iyya, mu muke yin karo-karo mu ɗauki hayar mota zuwa lacca, matanmu su dama fura su aika wa baƙi. Kuma mun san abin da muke saye da wahalarmu, domin an gaya mana ƙarara cewa idan aka ci za a soke haraji da jangali. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan magana ba. Na ga mahaifina ya kwana biyu a cikin dawa yana ɓuya saboda kuɗin haraji bai cika ba, daga ƙarshe akuyar mahaifiyata aka kai kasuwa. Da Abubakar Rimi ya hau mulkin Kano a 1979, lokacin ku ma Jigawa kuna cikinta domin sai a 1991 aka cire ku, ya soke su, kowa ya gani a aljihunsa. Saboda haka ka tambayi masu zuwa: wane abu ne guda ɗaya, mai suna, wanda ɗan takararsu zai ɗauke muku? Idan amsar ita ce "zai share muku hawaye", ka san babu komai a cikin buhun.

Mai Kyamara, daga Wudil:

Baba ya yi magana, amma ina roƙon a yi wa masu sana'ar adalci, domin na yi shekaru ina bin su da kyamara a wuraren taro. Mawaƙi yana da makaɗa da 'yan amshi da direba, kuma duk a wuyansa suke ci. Tun da kasuwar faifai ta mutu, harkar fim ta koma YouTube, lokacin zaɓe ya zama kakarsu kamar yadda kuke jiran kakar riɗi. Wasu daga cikinsu kuma da gaske suke son wanda suke yi wa, ba kowa ne ɗan haya ba.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne su sun iya ciniki. Kafin tauraro ya hau mota ya riga ya san abin da zai karɓa, wani lokaci ma ya karɓi rabi. Masana'antarsu ta kai matsayin da ake damawa da ita a gwamnati, har a Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Ban ga laifinsu ba da suka san darajarsu. Ku da za ku tsaya a rana daga hantsi zuwa la'asar, ku ne ba ku yi wa taronku kuɗi ba, alhali kuwa bidiyon ba shi da amfani in babu ku a ciki. Ni da hannuna na sha ɗaukar fili rabinsa wayam, in karkata kyamara in matse jama'a wuri guda har ya zama kamar babu masaka tsinke.

Malamar Firamare, daga ƙasar Taura:

Ina gaishe da Baba, kuma ina neman afuwa domin zan ɗan saɓa masa. Ma'aunin da ya bayar yana nuna goyon baya na gaskiya, amma bai tabbatar da cewa goyon bayan zai haifa wa talaka ɗa mai ido ba. Babu wanda aka yi wa so daga ƙasa a zamaninmu kamar marigayi Muhammadu Buhari. Talakawa sun sayi katin tallafa masa da kuɗin guminsu, sun kwana a bakin akwati suna gadin ƙuri'a ba tare da an ba su ko sisi ba, kuma Kano kaɗai ta ba shi ƙuri'a sama da miliyan 1.9 a 2015. Duk da haka, a ƙarshen 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya haɗa da rashin ilimi da lafiya da tsabtataccen ruwa da makamashin girki. Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani, da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Ba ina ɗora wa mutum ɗaya wannan kaya ba ne, domin gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi suna da nasu kason. Abin da nake cewa shi ne mun ba da ƙauna ba tare da mun gindaya sharaɗi ba.

Ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya game da siyasar taurari. A yaƙin neman zaɓen 2023, Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin man fetur. Ba su ɓoye ba. Amma a garinmu ban ji mace ɗaya da ta san da wannan magana ba, alhali kowace yarinya a ajina ta haddace amshin waƙoƙin 'yan takara, har sai na tsawata kafin a fara darasi. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota zuwa asibiti da kuɗin niƙa suka bi ta. A Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, a nan ƙaramar hukumarmu, mutane suka fita da bokitai da jarkoki suna kwasar abin da ya zube, wuta ta tashi, aka rasa rayuka fiye da 150. Allah ya jiƙansu. Wanda yake da abin sa wa a tukunya ba ya fita da dare ya tsuguna a bakin kwata yana kamfatar fetur.

Batun atamfa kuwa, ɗan'uwa, kada ku zargi matan da za su karɓa. Wadda ta yi shekara ba ta ɗinka sabon zane ba, ba za a yi mata wa'azin aƙida a kan turmi ba. Ku dai ku tabbatar suna wurin lokacin da za a yi tambaya, ba sai lokacin guɗa kaɗai ba.

Tsohon Wakilin Akwati, daga Gumel:

Na yi wakilcin jam'iyya a rumfar zaɓe sau uku, kuma abin da na koya shi ne cikar fili daban, ƙuri'a daban. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Kuma ko so na gaskiya yana da iyaka idan bai ƙetare gida ba: Rabi'u Musa Kwankwaso ya sami kusan ƙuri'a miliyan ɗaya a Kano, jiha ɗaya tilo da ya ci, alhali tsarin mulki yana buƙatar mai nasara ya fi kowa yawan ƙuri'a, sannan ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi. Ku kuma tuna cewa takardar neman takarar shugaban ƙasa kaɗai naira miliyan 100 ce a APC, miliyan 40 a PDP a 2022, don ku san cewa kuɗin man babur ɗinku ba ya cikin abin da ke hana su barci.

Shawarata ita ce kada ku kore su, domin baƙo ba a rufe masa ƙofa, kuma idan kun ƙi, ƙauyen gaba zai karɓa. Ku karɓe su da sharaɗi. Kowa ya sa rigarsa, kuma a ba wa ƙungiyarku lasifika na minti goma kafin makaɗa su fara, domin da zarar ganga ta tashi magana ta ƙare. Ku tambayi abin da ke hannun gwamnatin tarayya, kada ku ɓata damar a kan rufin aji wanda aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya ce, saboda haka ku tambaya me za a yi game da kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa, da yadda za a riƙa sanar da ku kafin ruwan madatsun Tiga da Challawa ya iso. Ku tambayi farashin taki da na man da injinku yake sha. Ku ɗauki amsar da wayoyinku, kada ku dogara da bidiyonsu.

Sakataren Matasa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan sallar isha'i na karanta wa 'yan ƙungiya amsoshinku a ƙofar gidan mai unguwa, kuma har waɗanda suka fi son a karɓa sun yarda da batun minti goma. Mun zaɓi mutum biyu da za su yi magana, ɗaya daga cikinmu da kuma shugabar matan da ke sussukar shinkafa. Da safe na kira ɗan garin namu na shaida masa. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce ba a sa jawabin jama'ar gari a cikin jadawalin ba, amma zai tuntuɓi na sama da shi, in saurare shi zuwa ranar Lahadi idan ya shigo kasuwar Gujungu. Ya kuma tambaye ni ko za mu iya sa rigunan ko da na lokacin ɗaukar hoto ne kawai, na ce masa wannan sai na sake komawa ga 'yan ƙungiya.