Neman shawara: R ya ba ni df mai ɗigo, malamina ya maido min da aiki

Ɗalibar noma:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu, ina kwatanta amfanin gonar masu takin zamani da na masu takin gida. Manoma 22 a wannan ɓangare, 18 a wancan. Na yi t.test (gwajin kwatanta matsakaicin ɓangarori biyu) a manhajar lissafi ta R, sai df (degrees of freedom, ɗaya daga cikin lambobin da gwajin ke fitarwa) ta fito da ɗigo, ba cikakkiyar lamba ba. Malamin da ke duba aikina ya ce shi 38 ya sani, wato a haɗa 22 da 18 a cire 2, ya maido min da babin. Ga datata ta ƙare, balle in je kallon bidiyo. Don Allah ina kuskuren yake?

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, babu kuskure, kuma ba kya buƙatar data ko ta sisi. Bayanin yana cikin kwamfutarki tun ranar da kika sa R. Rubuta ?t.test ki danna Enter, shafin bayaninsa zai buɗe. A sashen Usage za ki ga var.equal = FALSE. Ma'ana, in ba ki ce komai ba, R gwajin Welch yake yi, wanda ba ya ɗauka cewa warwatsuwar ɓangarorin biyu ɗaya ce. Shi ke kawo ɗigon. Ki sa var.equal = TRUE, 38 ɗin malam za ta fito.

Malamar lissafi:
Za ta fito kam, amma 'yata kada ki canza don kawai a sa miki hannu. Fara duba sd, wato ma'aunin warwatsuwa, na kowane ɓangare. In na masu takin zamani ya yi wa ɗayan nisa, ga kuma adadin manoman ba ɗaya ba, to Welch ɗin ne daidai, tun 1947 ake da shi. SPSS, wata manhajar lissafin, yana fitar da layi biyu tare, irin na malam a sama, na Welch a ƙasa, mutane suka saba ɗaukar na sama, shi ya sa da yawa ba su san na ƙasan ba. Ki kai wa malaminki sashen Details ya karanta da idonsa, cikin ladabi.

Mai kwamfuta a Sabon Gari:
Ni gaskiya shafukan nan Turancinsu ya yi tsauri, kamar don masana aka rubuta. Dabarata ita ce in fara daga ƙasa. Examples tukuna, sai Arguments, sai Value don in san abin da zai maido min. Rubuta example(t.test) ki ga ya yi aiki a gabanki da bayanan barcin mutum 10, waɗanda Gosset, wanda ya ƙirƙiro gwajin t, ya yi amfani da su a 1908. In sunan abu ya ɓace miki, alamar tambaya biyu, kamar ??variance, sai dai a cikin abin da kika riga kika sauke kawai yake nema.

Ɗan Maraɗi:
A RStudio ma, ɗora alamar rubutu a kan sunan, kamar t.test, ki danna F1, shafin bayanin zai buɗe.

Ɗalibar noma:
Allah ya saka da alheri. Na duba, sd ɗin masu takin zamani ya kusa ninka ɗayan. Na bar Welch ɗin, gobe da safe zan kai wa malam tare da shafin a buɗe.