Wata takwas shiru a kan takardar zama 'yar ƙasa, don Allah a ba ni shawara

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin, abin ne ya cika mini ciki. Ina Ingila, aikin jinya nake yi. Na shigo da bizar aiki, na cika shekara 5 na samu izinin zama na dindindin, na ƙara shekara guda kamar yadda doka ta ce, sannan na cike fom ɗin neman zama 'yar ƙasa. Na ci jarabawar Life in the UK (ta sanin rayuwa a Birtaniya), shaidar Turanci tana nan, na je an ɗauki hoton yatsuna. An ce yawanci cikin wata 6 ake yanke hukunci. Yau wata 8 ke nan, ko imel guda ban gani ba bayan na farko da ya ce sun karɓa. Wata abokiyar aikina da ta cike bayana da sati uku har ta yi rantsuwa, fasfonta yana hannunta.

A cikin shekarun nan mahaifiyata ta yi doguwar jinya, shanyewar ɓarin jiki. Ni ce babba, ƙannena maza biyu kowa da hidimarsa, ƙaramarmu kuma tana makaranta. Ni ce mai juya ta, ni ce mai yi mata wanka, ni na san lokacin kowane magani. Duk hutun da na samu can nake tafiya, wani lokaci har da hutun da ba albashi. A tsakiyar haka aurena ya mutu, don mijin bai taɓa yarda da tafiye-tafiyen ba. Allah ya karɓi abarsa bara, ina riƙe da hannunta. Ban yi nadamar ko kwana ɗaya ba. Yanzu dai ba na iya barci, da asuba waya nake fara lalubowa in duba saƙo. Me ke sa wasu su daɗe? Ko in janye in sake sabo?

Hajiya Umma:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama, ya sa jinyar ta zama kaffara, ke kuma ya saka miki. Ki daure 'yata, jinkiri ba ƙi ba ne.

Alhaji Babba:
Ƙanwata, saurare ni da kyau. Shekara 22 ina Amurka, na cike wa kaina N-400, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa na nan, na cike wa iyalina, na taimaki mutane da ban san adadinsu ba. Matsalarki tafiya ce, ba wani abu ba. Duk wanda ya haura wata 6 a jere a waje ana ɗauka zamansa ya katse, sai ya kawo hujja. Kuma dole a ce kin yi wata 30 a cikin ƙasa daga cikin shekara 5. Ki tattara takardun haraji na shekara 5, ki shirya, za su kira ki intabiyu su tsare ki da tambayoyi a kan kowace tafiya. Ni a ganina ki janye tun kafin su ƙi ki, don in suka ƙi, tabon yana nan.

Malama Rabi:
Alhaji, da girmamawa, wannan dokar Amurka ce, Ingila ba haka take ba. Nan kwanaki ake ƙirgawa: kar su wuce 450 a waje cikin shekara 5, kuma kar su wuce 90 a wata 12 na ƙarshe. Wadda ke auren ɗan ƙasa nata shekara 3 ne da kwana 270. Kuma ba kowa ake kira intabiyu ba, mafi yawa a kan takardu ake gamawa. Maman Hanifa, kin ba mu labarin jinya amma ba ki faɗi abin da ake bukata ba. Kwana nawa kika rubuta a fom? Kuma ranar da kika tura fom, in aka koma baya shekara 5 daidai, a ranar kina cikin ƙasar? Wannan sharaɗi ne mai zaman kansa, mutane da yawa ba su san da shi ba.

Maman Hanifa:
Malama ban riƙe lambar daidai ba, ɗari huɗu da wani abu ne, ina jin ya ɗan haura 450 kaɗan. Daga tikitin da ke imel ɗina na haɗa. Amma ai ba yawon buɗe ido na je ba, uwata ce a kwance. Duk mai imani zai gane.

Alhaji Babba:
Kun ji ko? Ya haura. Abin da na faɗa ke nan. Hukuma ba ta san imani ba, lamba ta sani. Ki janye.

Malama Rabi:
Kar ki janye da wannan maganar. In kin janye bayan an fara aiki a kan fayil, kuɗin da kika biya ba lallai su dawo ba, kuma kin san ba kuɗi kaɗan ba ne. Ƙa'idar da jami'ai ke bi ta ba su damar kau da kai in abin da ya haura bai wuce kwana 30 ba, wato zuwa 480, muddin sauran sharuɗɗa sun cika. Ko ya fi haka akwai inda ake duba dalili. Sannan ranar fita da ranar dawowa ba a ƙirga su, cikakkun kwanaki kawai. In kin yi tafiya goma sha biyu kina haɗawa da waɗannan ranakun, kin ƙara wa kanki kwana 24 a banza. Ki zauna da takarda da biro ki sake lissafi. Kin haɗa da wasiƙar bayani da takardun asibitin Mama?

Maman Hanifa:
A'a ban haɗa ba. Fom ɗin bai ce a kawo takardar asibiti ba, ni kuma abin da aka tambaya na bayar. Wadda ta taya ni cikewa ta ce yawan takardu yana ruɗa su.

Baban Sadik:
Ku dai kuna da sauƙi. Ni a Kanada nake, kwana 1,095 ake so cikin shekara 5, na cika har da rara. Sai ga maganar takardar shaidar 'yan sanda, don duk wanda ya yi kwana 183 a jere a wata ƙasa cikin shekara 4 na baya sai ya kawo ta daga can. Na tura wa wani ɗan uwana kuɗi ya karɓo mini, wata huɗu yana mini hanya-hanya, yau ya ce an tafi hutu, gobe ya ce kwamfuta ta lalace. Ashe ko zuwa bai yi ba. Har yau ba ma gaisawa sosai, kuma mahaifiyarsa ta ce ni ne mai laifi don na yi magana. Wallahi abin da ya fi ciwo ke nan, na gida ya yi maka haka.

Anti Binta:
Baban Sadik ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. A Jamus tun da sabuwar doka ta fara aiki a watan Yuni 2024, aka rage shekarun daga 8 zuwa 5, aka kuma yarda mutum ya riƙe fasfo biyu, kowa ya taso lokaci guda. Layi ya yi tsawo, kuma ya danganta da garin da kake. Ni takardar haihuwata ce ta riƙe ni, harafi ɗaya a sunan mahaifina ya bambanta da na fasfo. Sai da na nemo fassara daga mai fassarar da kotu ta rantsar, na ƙara da wata takardar. Maman Hanifa, tun da kin ce aure ya mutu, wane suna ne a fasfonki yanzu?

Maman Hanifa:
Anti na koma sunan mahaifina lokacin da na sabunta fasfo. Izinin dindindin da jarabawar da na ci duk da sunan tsohon mijina suke. Amma na rubuta tsohon sunan a wurin da aka tambaya, ban ɓoye ba. Ba zan ci gaba da yawo da sunan mutumin da ya hana ni zuwa wurin uwata ba.

Malama Rabi:
Ba wanda ya ce ki riƙe sunansa, 'yar uwa. Tambayar ita ce, kin tura abin da zai haɗa sunayen biyu? Takardar aure, takardar saki, tsohon fasfo. In ba da Turanci suke ba sai da fassara mai shaidar mai fassara. Ki sa kanki a matsayin mai duba fayil: ga suna biyu, ga kwanaki a bakin iyaka ba bayani, ga kuma Ingila ba ta buga hatimin fita a fasfo, sai ya koma rumbun bayanansu ya gwada da abin da kika rubuta. Abokiyar aikinki mai yiwuwa fayil ɗinta ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, shi ya sa ya wuce sumul. Shaidunki biyu fa? Ana so kowanne ya san ki aƙalla shekara 3, ba dangi ba, ɗaya mai sana'ar da aka amince da ita, ɗaya mai fasfon Birtaniya.

Alhaji Babba:
Malama kina ta ba ta ƙwarin gwiwa, amma ni na ga irin wannan sau ba adadi. Akwai wani yaro da na sani, takardunsa tsaf, abu ɗaya ya manta, rajistar aikin soja da ake so maza 'yan shekara 18 zuwa 25 su yi a nan, sai da ya sha wahala. Ƙaramin abu ke ka da mutum. Ƙanwata, akwai tara ko wata shari'a da kika taɓa yi? Ki faɗi gaskiya, nan 'yan uwa ne.

Maman Hanifa:
Ba ni da shari'a Alhaji. Sai dai wata tarar gudu da mota, shekara uku da suka wuce. Motar da sunana take, tsohon mijina yake tuƙi, ni ina wurin Mama. Wasiƙun suka yi ta zuwa gidan da na bari, bai gaya mini ba, har abin ya kai kotu ban sani ba. Da na dawo na biya komai. Ban rubuta a fom ba don ba ni na yi laifin ba.

Malama Rabi:
Maman Hanifa, wannan ya fi duk abin da muka tattauna nauyi. Tarar da aka biya nan take daban, wadda kotu ta yanke daban. In kotu ta yanke da sunanki, a wurinsu hukunci ne a kanki ko wa ke tuƙi, kuma fom ya tambaya. Suna binciken bayanan 'yan sanda, za su gani. Laifin kansa ƙarami ne, rashin faɗar ne ake iya fassarawa da ɓoyewa, kuma wannan yana shiga sharaɗin kyawun hali. Ki nemi lauyan shige da fice mai rajista a wannan satin, ya taya ki rubuta musu da kanki kafin su tambaya, ki haɗa da takardun suna da na asibiti gaba ɗaya.

Baban Sadik:
Ni dai a'a. Wanda bai tambaye ka ba, kar ka kai masa kanka. Ta yi shiru ta jira, in sun gani za su rubuto. Ko ta je wurin ɗan majalisar mazaɓarta ya tambaya mata inda fayil ya tsaya.

Alhaji Babba:
Janyewa ita ce magana. A sake sabo da gaskiya a ciki.

Hajiya Umma:
Ku bi ta a hankali don Allah, yarinyar nan ba ta gama makokin uwarta ba.

Maman Hanifa:
Na gode muku duka, amma yanzu na fi ruɗewa. Mutum uku, magana uku. Ni ban yi ƙarya ba, Allah ya sani, ban ɗauki abin a matsayin laifina ba shi ya sa. Lauya kuma ba ni da halinsa yanzu, bashin jinya ban gama biya ba. Malama, in na rubuta musu da kaina ba lauya, ba zai mayar da fayil ɗin baya a sake ƙirga wata shida ba? Kuma ina so in je addu'ar shekara ta Mama wata mai zuwa, na riga na sayi tikiti.

Malama Rabi:
Tafiya ba a hana ba yayin da kike jira, amma ki riƙa duba imel kullum, don in sun nemi takarda wa'adi suke bayarwa. Har yanzu ba ki amsa mini ba: ranar nan ta shekara 5 baya, kina ciki ko kina waje?

Maman Hanifa:
Sai na duba. Ina jin a lokacin ne Mama ta fara faɗuwa.