Wa ya taɓa gamuwa da ɗacin kwartowa?

Direban Sahara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son jin ta bakin waɗanda suka taɓa ɗanɗana kwartowa, wadda Larabawa ke kira hanzal, ko suka sha ta da sunan magani. Ni na fara ganinta ne tsakanin Agadas da Bilma, ranar da motarmu ta lalace. Ga yaɗo shimfiɗe kan yashi, ganye kamar na kankana, 'ya'yan kore masu zane, girman lemun zaƙi. Ƙishirwa ta sa na fasa ɗaya na lasa. Wallahi har washegari ɗacin na maƙogwarona.

Maman Tagwaye: Wa alaikumus salam. Yaya, gode wa Allah da lasa kawai ka yi. Maigidana na fama da ciwon sukari, wani ya ba shi garin busasshen cikinta, ya sha cokali guda. Kafin la'asar ciki ya murɗa, sai amai, sai gudawa har da jini. Kwana 3 muka yi a asibiti ana ƙara masa ruwa. Likita ya ce sinadarin da ke kawo ɗacin, kukurbitasin, shi ke kankare hanji, idan ya yi yawa yana taɓa ƙoda. Ya kuma ja kunnena cewa mai juna biyu kada ta kusance ta, tana zubar da ciki. Har yau in na tuna daren nan jikina rawa yake.

Tsohon Makiyayi: Allah ya ƙara masa lafiya, 'yata. Amma kada a ce ba ta da amfani. Dafin yana cikin farin naman ne. Na zauna da ƙabilar Tubawa a yankin Tibesti na arewacin Chadi, na ga mata suna ware ƙwayayen, su wanke, su tafasa, su yi ta sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan su niƙa. Na ci, ban ji komai ba. Saiwarta na nutsewa can ƙasa, shi ya sa za ka ga komai ya ƙone ita tana nan. In ta nuna ta yi rawaya ta bushe, iska ke mirgina ta, ƙwayayen na kaɗawa a ciki.

Direban Sahara: Baba, to dabbobi fa?

Tsohon Makiyayi: Jakina kan ci kaɗan ya wuce. Tumakina kuwa kora su nake, tun shekarar da biyu suka ci da yunwa suka kwana zawo, ɗaya ba ta tashi ba.