Neman shawara: shiga ƙungiyar ɓarayi a wasan kwamfuta na Skyrim ta yi araha da yawa

Salam yan uwa, dan Allah masu taɓa Creation Kit (manhajar gyara Skyrim) ku zo ku taimaka min. Ina haɗa mod (gyaran da ake ɗora wa wasa) na Skyrim, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ake shiga Thieves Guild, wato ƙungiyar ɓarayi. Da ka sa ƙafa a kasuwar Riften sai Brynjolf, ɗan ƙungiyar, ya tare ka wai ya ga alama kuɗinka ba na gumi ba ne, ko da kuwa allura baka taɓa ɗauka ba, ya ce ka sato zoben Madesi ka jefa a aljihun Brand-Shei, kuma ko ka kasa ko masu gadi sun cafke ka haka zai ce ka same shi a Ragged Flagon, matattararsu. Haba jama'a! Ƙungiyar sirri ce fa amma tana tallan kanta a tsakiyar kasuwa. Ni so nake sai mutum ya nuna hannunsa kafin a buɗe masa ƙofa. Ta ina zan fara?

Ɗan Samaru:
Wslm. Malam wasan da kansa yana ƙirga abin da ka sata, aljihu nawa ka yanka, kwaɗo nawa ka ɓalle, duk suna cikin stats. Ka rubuta ɗan script na Papyrus (yaren rubuta umarni na wasan) ya riƙa duba su da Game.QueryStat, in basu kai adadin da ka sa ba Brynjolf ya ci gaba da tallan maganinsa ko kallonka kar ya yi. Amma kar ka tsawwala, in ka ce sai aljihu ɗari wlh mutane cire mod ɗin za su yi.

Ƴar Kongo:
Yaya ka koma ka duba Oblivion na 2006, wasan da ya gabaci Skyrim, can suka yi abin daidai. Babu mai zuwa ya kira ka a titi, kai ne zaka bi almajiran gari da tambayar Gray Fox, shugaban ɓarayin, kana ɗan basu na goro, ko kuma a kulle ka a gidan yari bayan ka fito a kawo maka takarda. Sai tsakar dare ka je lambun Dareloth wajen Armand Christophe, ka tarar da Methredhel da Amusei su ma shiga suke nema, ya ce duk wanda ya riga kawo littafin Amantius Allectus shi ya ci. Ni har yau ina tuna yadda gabana ke faɗuwa ina gudu cikin duhu Methredhel na gabana. Riften ma akwai mabarata, Edda da Snilf, me zai hana su zama hanyar?

Ɗan Tudun Wada:
Na goyi bayanta. Ko a kasuwar Sabon Gari ba ranar farko maigida ke ba yaro makullin shago ba. Wanda ya kasa aikin zobe a ba shi wani aikin da ya fi wuya, kar a rufe masa gaba ɗaya.

Admin:
Ƙanena hattara da TG00, wato quest (aikin) zoben nan na Brynjolf, kar ka shiga ka yi ta yanke-yanke a ciki. Babban labarin wasan ma ya ratsa ta wurin Brynjolf, shi Delphine ke tura ka wajensa lokacin neman Esbern, in ka toshe bakinsa gaba ɗaya ka jawo wa mutane matsala. Ka ƙirƙiri naka quest daban, shi zai tada na asali in sharaɗi ya cika. Kuma gwaji a sabon save zaka yi, script na maƙalewa a tsohon.

Mai tambaya:
Na gode sosai, Allah ya bar zumunci. Mabaratan nan sun shiga raina, da su zan fara. Admin in wuta ta zauna ranar Asabar zan shigo Samaru da laptop ɗin ka duba min quest ɗin kafin in haɗa shi da TG00.